Kafin ka zuba jarinka, duba irin gasar da zaka tarar a ciki

Wani ƙanena ya shafe kusan shekara uku yana tara ɗan kuɗinsa, kwanaki sai ya turo min saƙo da jerin sana'o'in da yake tunanin shiga, a ƙasa ya rubuta "Yaya wacce tafi kawo kuɗi a ciki?" Gaskiya sai da na kwana biyu ban bashi amsa ba, don nima da wannan tambayar na fara nawa kasuwancin kuma ita ta kai ni ta baro. Abin da na mayar masa daga baya tambaya ce, nace a cikin kowacce wa yake yanka farashi? Kai ne, ko kasuwa ce, ko kuwa wasu manya biyu-uku ne da ko sanin kana duniya basu yi ba? Domin sana'a biyu zasu iya kawo ciniki iri ɗaya amma ɗaya ta barka da riba ɗayar ta barka da gajiya kawai, kuma bambancin yawanci yana wajen irin gasar da ake yi a cikinta.

Masana tattalin arziki sun kasa kasuwa gida huɗu, kuma duk da a zahiri suna shiga cikin juna, rabon yana taimakawa sosai wajen zaɓi.

Ta farko ita suke kira cikakkiyar gasa. Masu sayarwa ba adadi, kayan kowa iri ɗaya ne sak, mai saye ya san farashin kowa, shiga ba wuya fita ba wuya. Misalin da yafi kusa da ita shine amfanin gona da ake cinikinsa a kasuwar duniya, kamar alkama da auduga. Tun 1848 aka buɗe kasuwar hatsi ta Chicago a Amurka, har yau kuma farashin da ya fito can manoma a ƙasashe da dama suke kallo. Manomi ko ya noma tan dubu bai isa ya motsa farashin nan ko da ƙwayar zarra ba, in yace nasa yafi tsada mai saye zai matsa gaba ne kawai tunda alkama mai daraja ɗaya duk sunanta ɗaya. Kasuwa ce take faɗa masa, shi nasa karɓa.

Mutane na ɗauka wannan ta manoma ce kaɗai, alhali intanet ta jefa ƙananan 'yan kasuwa da yawa cikinta basu ankara ba. Ni a nan na fara. Cajar waya da rigar waya nake sarowa ina sa hotonsu, watannin farko alhamdulillahi ana saye, sai wata safiya na buɗe waya naga wani ya saka irin kayana, kala ɗaya, kwali ɗaya, har hoton ma ɗaya ne saboda wajen mai sari ɗaya muka ɗauko, ya rage kaɗan a farashi. Na rage. Kafin sati ya zagayo mun zama mu shida, kowa na zaftarewa, kwastoma kuma da yatsa ɗaya yake jera mu daga mai araha zuwa mai tsada ya danna na sama. Babu wanda ya cuce ni a cikinsu, haka kasuwar take.

Ga lissafin da ban yi ba a lokacin, ina so ka riƙe shi. Ace ka saro kaya a 100 kana sayarwa 120, ribarka 20 kenan. Ka rage kashi 10 cikin ɗari na farashi don ka ja kwastoma, ya koma 108, riba ta dawo 8. A idon mai saye ɗan ragi kayi, a aljihunka kuwa fiye da rabin riba ce ta tafi, sai ka sayar da ninki biyu da rabi na abin da kake sayarwa kafin ka koma inda kake jiya, ga ƙarin wahala ga ƙarin kuɗin kai kaya. Kuma abokin gasarka ba zai tsaya kallonka ba, shima zai rage. Shi yasa a irin wannan kasuwa mutum ɗaya ne yake numfashi, wanda kayan suka fi zo masa da araha, ko don yana saye da yawa a lokaci ɗaya ko don shi yake haɗawa da kansa ko yana kusa da inda ake yi. In kai ne wannan mutumin shiga abinka, kyawunta shine baka buƙatar talla mai yawa, duk abin da ka kawo zai shige a farashin ranar. In ba kai bane to ka sani aikinka kawai ake biyanka, ba wata riba da zata taru.

Ta biyu, kasuwar manya 'yan tsiraru, ita tafi jan hankalin masu ƙaramin jari don ana hango kuɗi a ciki, kuma ita tafi haɗari. Manyan jiragen fasinja kusan Boeing da Airbus ne kawai, balle tun da Boeing ya haɗiye McDonnell Douglas a 1997. Lemon kola Coca-Cola da Pepsi. Manhajar da waya take tafiya a kanta Android da iOS. A nan kowa ya san sunan abokin karawarsa kuma kowa idonsa na kan ɗan'uwansa, in ɗaya ya motsa sai sauran sun motsa, don haka farashi yakan daɗe a wuri ɗaya kamar an kafe shi, faɗan sai ya koma wajen talla da sabon samfuri da kama manyan dillalai. Tun 1883 wani Bafaranshe masanin lissafi Joseph Bertrand ya nuna cewa ko kamfani biyu ne kacal, in kayansu ɗaya ne kuma suka shiga rige-rigen karya farashi, zasu yi ta yi har riba ta ƙare. Manyan sun san da haka, shi yasa basa son wannan faɗan a tsakaninsu. Amma in baƙo ya shigo suna iya yinsa na ɗan lokaci, tunda su suna da kitsen da zasu jure.

Freddie Laker ɗan Ingila ya gwada. A 1977 ya fara jigilar fasinja tsakanin Landan da New York da tikiti mai arahar gaske, jama'a suka yi masa caa, har mutane na bin layi suna jiran kujera. Manyan kamfanonin da ke bin hanyar suka sauke nasu farashin, shi kuma ya ciwo bashi da dala ya sayi jirage ga fam ya faɗi, a watan Fabrairu 1982 kamfanin ya durƙushe. Daga baya an kai manyan ƙara kan zargin haɗa masa kai aka sasanta a wajen kotu, amma kamfani ya riga ya tafi. Bombardier na Kanada ma, wanda ba ƙaramin kamfani bane, da ya ƙera jirginsa CSeries ya leƙo gonar manyan, Boeing ya kai ƙorafi a Amurka a 2017 har aka yi shirin lafta masa harajin da ya kusa kashi 300 cikin ɗari. Hukumar da ke da maganar ƙarshe ta yi watsi da harajin a farkon 2018, amma a shekarar Airbus ya karɓe ragamar aikin, jirgin da ake kira A220 yanzu shine. Jirgin mai kyau ne, har gobe ana sayensa, aljihun ne bai kai ba.

To ba a shiga kenan? Ana shiga, amma ta gefe. Kwatanta waɗannan biyun. Richard Branson ya fito da Virgin Cola a 1994, kola ce kai tsaye, ma'ana ya tunkari Coca-Cola da Pepsi gaba da gaba a kan kantar da suka riga suka cika, kuma duk da suna da kuɗin da yake da shi abin bai kai labari ba. Red Bull kuwa da ya fito a Ostiriya a 1987 bai ce shi kola bane, ƙaramin gwangwani ne mai tsada da aka ce na ƙara kuzari ne, ya nufi masu tuƙin dare da ɗalibai da 'yan wasa, kafin manyan su waiwayo ya kafa tasa kasuwar. Wannan bambancin shi nafi so mai ƙaramin jari ya gani.

Ɗaya fuskar 'yan tsiraru ita ce haɗin baki. A 1924 manyan masu yin ƙwan lantarki irin su Osram da Philips sun haɗu a Geneva suka amince kada ƙwai ya wuce awa 1000 yana ci, har tara suke cin wanda nasa ya daɗe fiye da haka. Abin yana min ciwo duk lokacin da na tuna, don talaka ne yake biya bai ma san an zauna a kansa ba. A mafi yawan ƙasashe yanzu irin wannan laifi ne ga kamfanoni. Kuma ko inda doka bata kai ba haɗin bakin baya da tabbas, kowa na cikin yana son ya zarce kasonsa a ɓoye. OPEC, ƙungiyar ƙasashe masu fitar da man fetur da ƙasashe biyar suka kafa a Bagadaza a 1960 ta sha fama da haka, a watan Maris 2020 ma Saudiyya da Rasha suka kasa daidaitawa kan rage haƙo mai daidai lokacin da korona ta tsayar da duniya, kowa ya buɗe famfo, ranar 20 ga Afrilu farashin gangar ɗanyen man Amurka na kwantiragin wata mai zuwa ya faɗi ƙasa da sifili, kusan dala 37 a ƙasa, saboda ba wurin ajiya. Ƙananan masu haƙa da suka shiga da bashi su suka fi jin jiki.

Ta uku babakere, mutum ɗaya da kasuwa. Ba zan daɗe a nan ba don ba zaɓi bane da yake gaban yawancinmu. Wani babakeren yanayin aikin ne ya kawo shi, ba hikima bace a shimfiɗa bututun ruwa biyu ko layin dogo biyu a hanya ɗaya, shi yasa gwamnatoci ke sa ido a farashinsu. Wani na fasaha ne, kamar ASML na Holan da shi kaɗai yake ƙera injin da ake buga mafi ƙanƙantar ƙwaƙwalwar kwamfuta da shi. Wani doka ce ta bayar na wa'adi, haƙƙin mallakar ƙirƙira shekara 20 ne, maganin Lipitor na Pfizer ya taɓa kawo sama da dala biliyan 12 a shekara, da wa'adinsa ya ƙare a Amurka a ƙarshen 2011 wasu suka fara yin irinsa cinikin ya zube. Wani kuma na murƙushe na ƙasa ne, irin Standard Oil na Rockefeller da ya taɓa riƙe kusan kashi 90 na tace mai a Amurka har kotun ƙoli ta tsinka shi gida 34 a 1911.

Inda babakere ya shafe ka kai tsaye shine in sana'arka a kansa take zaune. In mai kawo maka kaya ɗaya ne tak, ko duk kwastomominka ta manhaja ɗaya suke zuwa, to ranar da ya ƙara kason da yake cira ko ya canza tsari baka da ta cewa. Mutane da yawa suna ƙirga abokan gasarsu na gefe su manta da wanda yake samansu, alhali shi yake iya cinye ribar cikin dare ɗaya. Sannan shi kansa mai babakeren ba daga gabansa ake kayar da shi ba yawanci. Kodak ya mamaye fim ɗin hoto shekara da shekaru, injiniyansa Steven Sasson ne ma ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, amma a 2012 kamfanin ya nemi kariyar kotu saboda karyewa, ba don wani ya fi shi iya fim ba, mutane ne suka daina buƙatar fim ɗin.

Ta huɗu ita nake ba mai ƙaramin jari shawara, kuma ita ce mafi yawan sana'o'in duniya suke ciki. Masu sayarwa da yawa ne kamar ta farko, shiga ba wuya, amma kayan kowa da ɗan bambancinsa. Tela da tela ba ɗaya bane, haka mai aski, mai gyaran waya, mai koyar da yara darasi, mai zanen tambari, mai haɗa manhaja. Edward Chamberlin a Amurka da Joan Robinson a Ingila su suka fayyace ta, dukkansu a 1933. Daɗinta shine kana da ɗan ikon yanka farashi, in ka ƙara kaɗan ba kowa zai gudu ba, don wani hannunka yake so, wani kusancinka, wani kuma don baka taɓa saɓa masa alkawari ba.

Amma kar in ɓoye maka aibinta. Tunda ƙofa a buɗe take, duk abin da ka fito da shi ya karɓu za a kwaikwaya, ribar da kake gani a shekarar farko sai ta fara narkewa, dole kullum kana gyara kana ƙari kana kashe kuɗi a sanar da mutane. Don haka ba kowane bambanci ne yake da amfani ba. Kalar kwali da sunan shago da kyan hoto, wannan a sati ɗaya za a ɗauke. Wanda yake daɗewa shine mai wuyar kwafa, ƙwarewar da ta ɗau shekaru, amana, sanin wasu kwastomomi na musamman ciki da bai. Dubi agogon Suwizalan. Da Seiko na Japan ya fito da agogon batir a 1969, cikin 'yan shekaru masu araha suka cika duniya kuma sun fi na gargajiya kiyaye lokaci, kamfanonin Suwizalan da dama suka rufe. Waɗanda suka tsira basu tsaya musu kan wa yafi daidai ba, wasu suka koma sayar da aikin hannu da daraja ga mai son na gado, Swatch kuma ya fito a 1983 da agogon roba mai launi da ake sawa don kwalliya. Aiki ɗaya suke yi, nuna lokaci, amma kowa ya nemi mai saye daban.

Abin da ya ƙara zaunar min da wannan magana ba a kasuwa ma na same shi ba, a ilimin halittu ne. A shekarun 1930 wani masani ɗan Rasha Georgy Gause ya ɗauki wasu ƙananan halittun ruwa da ido baya gani, ana ce musu Paramecium, iri biyu masu cin abinci ɗaya. In ya sa kowanne a kwalbarsa sai ya hayayyafa lafiya lau. Da ya haɗa su a kwalba ɗaya yana ƙirga su kullum, sai ɗaya ya riƙa ƙaruwa ɗayan na raguwa har ya ƙare, kuma ba cizonsa akayi ba, ɗayan ne kawai ya ɗan fi shi saurin cin abincin da saurin haihuwa. Sai ya sake gwadawa ya haɗa ɗaya daga cikinsu da wani iri na uku, wannan karon duka biyun suka rayu, saboda ɗaya yana ci a saman ruwan ɗayan ya sauka yana ci a ƙasan kwalbar. Kwalba ɗaya ce, ruwa ɗaya. Robert MacArthur ma, a binciken da ya wallafa a 1958, ya zauna yana kallon wasu ƙananan tsuntsaye iri biyar da ke kiwo a irin bishiya ɗaya a Amurka, ya gano kowanne da sashen da yafi zama, wani can ƙololuwa wani tsakiya wani rassan ƙasa. Da na karanta na Gause sai na tuna mu shidan nan masu caja ɗaya da hoto ɗaya.

Ko a wasa haka ne, shi yasa ake raba 'yan dambe ajin nauyi, duk iyawar mai kilo 60 ba a haɗa shi da mai kilo 100. Kasuwa kuwa ba alƙalin da zai raba muku aji, kai zaka auna kanka kafin ka shiga fili. Neman aiki ma haka, in takardarka irin ta mutum dubu ce sak kana cikin kasuwa ta farko, mai ɗaukan aiki shi zai yanka albashi, in ka haɗa abu biyu da ba kasafai ake samunsu a mutum ɗaya ba, kamar lissafin kuɗi da wani yare da kamfanin ke buƙata, ka koma ta huɗu.

Saboda haka ga yadda na auna masa. Mai jari babba da hanyar samun kaya da araha fiye da kowa, ta farko zata karɓe shi, amma ya tabbata arahar tasa ta gaske ce ba wai ya manta ya sa kuɗin wahalarsa da na haya a lissafi bane, wannan kuskuren yana kashe sana'a a hankali mutum na ganin kamar ciniki yake. Mai son kasuwar manya ya nemi abin da suka raina ko ya zama mai yi musu wani aiki, kuma kar ya bari ɗaya daga cikinsu ya zama shi kaɗai ne kwastomansa. Mai ƙaramin jari da sana'ar hannu ko wani ilimi ya nufi ta huɗu ya ƙuntata ta sosai, gara a sanka a abu ɗaya da ka zama na goma sha a abu biyar.

A jerin ƙanen nawa akwai sayar da kayan waya a intanet, akwai haɗa lemon kwalba, akwai gyaran waya da ya ɗan koya a hannun wani. Na farkon nace masa wannan hanyar na bi ta na san inda take fita. Lemon kuma in kola ko lemon zaƙi na gama-gari zai yi to sunan waɗanda zai tarar a kan kanta kowa ya sansu. Gyaran wayar na tsaya a kai, na tambaye shi a cikin masu gyaran da ya sani nawa ne suke iya aikin allon cikin waya, wato su ɗaga ƙaramin abin da ya ƙone su sa wani maimakon su ce a canza allon gaba ɗaya, da kuma ciro hotuna da lambobi daga wayar da ta mutu. Yace bai fi ɗaya ko biyu ba, kuma kullum aiki ya musu yawa. Nace to raba kuɗin, kaso ɗaya ka ƙaro koyo na wata shida, kaso ɗaya madubin ƙara girma da injin hura zafi mai kyau, sauran ka ajiye na watannin da ba a sanka ba tukuna. Ya fara zuwa koyon tun watan jiya.